Yadda ake daidaita layukan rubutu su cika faɗi ɗaya da Python, musamman don rasit ɗin butik

Tun da na haɗa wa wani Alhaji mai butik a nan Garwa ɗan furogiram mai fitar da rasit, samari ba su bar ni na huta ba, wannan ya tare ni a kartiye, wancan ya kira daga Marwa, har ɗalibai biyu daga Ngawundere, tambayar dai ɗaya ce: ya aka yi rubutun ƙasan rasit ɗin ya tsaya cak, gefen hagu da na dama duk a miƙe kamar an ja zare? To ga shi nan na zauna na rubuta daki-daki. Da Python zan nuna, amma wanda ya gane lissafin zai iya kai shi PHP ko JavaScript ko C ba wata wahala.

Abin da za ka tanada

Python 3, kyauta ne ba ka biyan ko dala, megan saukewa kawai. In ba ka da kwamfuta kar wannan ya tsayar da kai, akwai Pydroid 3 a wayar Android kuma duk kod ɗin da ke nan yana tafiya a ciki ba tare da intanet ba, don ba mu ɗauko komai daga waje ba. Kuɗin da za ka kashe na gaske a takardar firinta ne in ka ce sai a kanta za ka dinga gwaji, shi yasa banda ɗan gwajin faɗi na mataki na 1, sai can mataki na ƙarshe za mu taɓa firinta.

Gargaɗi tun daga nan: wannan hanyar tana aiki ne kawai inda kowane harafi yake cin wuri daidai da ɗan'uwansa, irin Courier New ko Consolas ko rubutun firintar rasit, ko a WhatsApp in ka sa rubutun tsakanin alamomin ``` guda uku gaba da baya. In ka kwafa sakamakon ka zuba a Arial ko Times New Roman zai watse, don a can "i" siriri ne "m" kuma ƙato.

1. San faɗinka da lamba

Kar ka yi kirdado. Ƙaramar firinta mai takardar milimita 58, wadda ta cika butik-butik da shagunan magani, ɗigo 384 take bugawa a layi, harafinta na yau da kullum kuma ɗigo 12 ne faɗinsa, ka raba za ka samu harafi 32. Babbar mai milimita 80 yawanci harafi 48 ce, wasu 42. In aka sa ƙaramin harafi mai ɗigo 9, ita ƙaramar ma tana ɗaukar 42 amma dattawa ba sa iya karanta shi, ni ba na sawa.

Hanya mafi sauƙi, aika mata 1234567890 sau biyar a jere ba sarari, ka ga inda ta karya. Yawan lambobin da suka shiga layin farko shi ne faɗinka. Mu a nan 32 za mu riƙe.

2. Wanke rubutun kafin ka ƙirga komai

Nan ne wajen da zan daɗe, don kusan duk wanda ya kawo min nasa ya karkace a nan matsalar take, ba a lissafi ba.

Abu na farko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ ƴ, da ŋ na Fulatanci. Python yana ƙirga "ƙoƙari" harafi 6, daidai kenan. Amma strlen na PHP da na C, masu auna tsawon rubutu, bayit suke ƙirgawa, wato wurin da harafi ke ci a ma'ajiyar kwamfuta, kuma a tsarin ajiye rubutu na UTF-8 kowane ƙ bayit biyu ne, sai su ce maka 8. Layin da ke da ƙ biyu sai ya fito da gajarta ta harafi biyu kai kuma kana ta duba kod kana cewa ai komai daidai ne. Mai PHP ya yi amfani da mb_strlen.

Na biyu Faransanci, tunda rabin rasit ɗinmu da shi ake rubutawa. Harafin é ana iya ajiye shi hanya biyu, ko a dunƙule harafi ɗaya, ko e daban da ɗan wasalin sama daban, a ido ba ka bambancewa amma len, mai ƙirga haruffa a Python, zai ce ɗaya a nan biyu a can. Rubutun da aka kwafo daga PDF ya kan zo da irin wannan. Maganinsa normalize da NFC, yana dunƙule su.

Na uku, firintar kanta. Yawancinsu teburin haruffa irin CP437 ko CP858 suke da shi, akwai é da à da ç a ciki amma babu ƙ babu ɗ, haka ma œ. In ka aika sai ta buga alamar tambaya ko wani zane. Dole ka musanya, ƙ ya koma k, ɗ ya koma d, œ ya koma oe. Kuma dan Allah a nan za ka musanya, kafin ƙirga. "œufs" harafi 4 ne, "oeufs" 5 ne, haka ƴ in ka mayar da shi 'y ya zama biyu. In ka bari sai bayan ka daidaita layi sannan ka musanya, layin ya zama 33, firinta ta jefa harafin ƙarshe shi kaɗai a sabon layi.

Na huɗu kuɗi. Mu 12 500 F muke rubutawa da sarari a tsakiya, kuma Faransanci yana sa sarari kafin : da ? da !. In ka raba kalmomi a kowane sarari, wata rana 12 zai zauna a ƙarshen layi 500 F ya sauka ƙasa, mai saye ya duba ya ga 500, rigima kenan a bakin kanta. Akwai sarari na musamman da ba a karya layi a kansa, lambarsa \u00a0, shi za ka sa a cikin adadin kuɗi. Amma fa ka sani split() na Python in ka kira shi hannu biyu ba komai a ciki har wannan sararin yana yankawa, shi yasa na yi amfani da re, kayan aikin Python da kai za ka faɗa masa inda zai yanka.

```python
import re, unicodedata

MUSANYA = {"ɓ": "b", "ɗ": "d", "ƙ": "k", "ƴ": "'y",
           "Ɓ": "B", "Ɗ": "D", "Ƙ": "K", "œ": "oe"}

def wanke(rubutu):
    rubutu = unicodedata.normalize("NFC", rubutu)
    for tsoho, sabo in MUSANYA.items():
        rubutu = rubutu.replace(tsoho, sabo)
    return [k for k in re.split(r"[ \t\r\n]+", rubutu) if k]
```

In a allo ko WhatsApp za ka nuna, cire layukan musanyar, bar haruffanmu yadda suke.

3. Yanka kalmar da ta fi layi tsawo

Ba kasafai ba amma tana zuwa, lambar shaidar biya ta waya ko adireshin intanet. In ba ka tanadar mata ba za ta zarce gefe.

```python
def yanka_dogaye(kalmomi, fadi):
    sabbi = []
    for k in kalmomi:
        while len(k) > fadi:
            sabbi.append(k[:fadi])
            k = k[fadi:]
        sabbi.append(k)
    return sabbi
```

4. Loda kalmomi a layi

Kamar lodin mota ne a tasha, kana sa fasinja ɗaya-ɗaya har sai wanda ke gaba ba shi da wurin zama, sai mota ta tashi shi ya zama na farko a ta gaba. A wannan matakin kar ka damu da cika layi, tsakanin kowace kalma da ta kusa da ita sarari ɗaya kawai muke lissafawa.

```python
def loda(kalmomi, fadi):
    layuka = []
    layi = []
    haruffa = 0
    for kalma in kalmomi:
        if layi and haruffa + len(layi) + len(kalma) > fadi:
            layuka.append(layi)
            layi = []
            haruffa = 0
        layi.append(kalma)
        haruffa += len(kalma)
    if layi:
        layuka.append(layi)
    return layuka
```

Dubi wannan len(layi) da kyau, mutane da yawa suna tambayata me ya kawo shi. In akwai kalma uku a layi kana son ƙara ta huɗu, gurbi uku za a samu tsakaninsu, wato yawan kalmomin da suka riga suka shiga shi ne yawan sararin da kake buƙata. Ba sai ka cire ɗaya ba, ba sai ka ƙara ba.

Alamar nan > ce, ba >= ba. In ka sa >= layin da ya cika 32 cif za a kore masa kalmar ƙarshe alhali tana da wuri.

Sannan layuka biyun nan na ƙasa, if layi da abin da ke bayansa, kar ka manta da su. Zagayen yana ajiye layi ne kawai lokacin da wata kalma ta kasa shiga, na ƙarshe ba wanda ya zo bayansa balle a ajiye shi. Wani yaro ya kawo min nasa yana cewa firinta na cinye ƙarshen rubutu, har ya sayo sabon nadin takarda, ashe layukan nan biyu ne babu.

Bari mu gwada da abin da Alhaji ya ce a rubuta masa: "Kayan da aka saya ba a mayar da su sai da rasit. Mun gode da zuwanku, Allah ya kai ku gida lafiya." A faɗi 32 layi huɗu yake bayarwa. Na farko ya tsaya a "mayar da" da tsawo 31, don in "su" ta shiga ya zama 34. Na biyu daga "su" zuwa "gode da". Na uku daga "zuwanku," zuwa "gida". Na huɗu "lafiya." ita kaɗai.

5. Raba sararin da ya rage

Ɗauki layi na biyu ka yi shi da biro a takarda kafin ka rubuta kod, wallahi in ka yi sau ɗaya da hannu ba za ka ƙara mantawa ba. Kalmomin su ne su, sai, da, rasit., Mun, gode, da. Haruffansu 2+3+2+6+3+4+2, ya ba da 22, har da ɗigon da ke jikin rasit. Faɗi 32 a cire 22 saura 10, wannan shi ne sararin da za a raba. Kalma 7 ce, gurbi 6 kenan. 10 a raba wa 6 kowa ya samu 1 saura 4. Huɗun nan sai a bi gurabu daga hagu a ƙara wa huɗun farko ɗaya-ɗaya. Gurbi huɗu masu sarari 2, biyu masu sarari 1, 8 da 2 ya dawo 10. Shi kenan lissafin, divmod yana ba ka rabon da ragowar a tashi ɗaya.

```python
def cika(layi, fadi):
    if len(layi) == 1:
        return layi[0].ljust(fadi)
    haruffa = sum(len(k) for k in layi)
    gurabu = len(layi) - 1
    kowa, saura = divmod(fadi - haruffa, gurabu)
    fita = ""
    for i, kalma in enumerate(layi[:-1]):
        fita += kalma + " " * (kowa + (1 if i < saura else 0))
    return fita + layi[-1]
```

Layin farko na if ɗin nan shi ne mai ceton rai. Layi mai kalma ɗaya ba shi da gurbi, gurabu ya zama 0, raba lamba da sifili kuma Python ba ya yafewa, ZeroDivisionError zai bugo furogiram ya tsaya. Ni ya same ni a butik ɗin Alhaji da rana tsaka a watan Afrilu, zafin Garwa kun san shi, mutane sun yi layi, wata baiwar Allah ta biya da waya yaron shago ya shigar da doguwar lambar biyan, ta zauna a layi ita kaɗai, komai ya tsaya. Alhaji ya kira ni ya ce "ɗana, injin naka ya yi shiru fa," ranar da biro aka ƙarasa rubuta rasit har la'asar kafin na iso. Duk gwajin da na yi a gida da jimloli masu gajerun kalmomi na yi shi.

Wani kuskuren, wasu suna amfani da / sannan su yi round. Kar ka yi. 10 raba 6 zai ba ka 1.67, round ya mai da shi 2, gurbi 6 sau 2 ya zama 12, ka zarce da biyu. Ragowa ake rabawa ɗaya-ɗaya.

Kuma i < saura ne, don enumerate daga 0 yake farawa, 0 1 2 3 huɗu kenan. In ka sa <= za ka ba mutum biyar.

6. Layin ƙarshe ba a miƙa shi

Duba kowane littafi, layin ƙarshen sakin layi a hagu yake tsayawa da sarari ɗaya-ɗaya. In ka miƙa shi, kalma biyu kamar "gida lafiya." sai ɗaya ta tsaya a wannan gefe ɗaya a wancan kamar masu gaba. To a haɗa komai:

```python
def daidaita(rubutu, fadi):
    layuka = loda(yanka_dogaye(wanke(rubutu), fadi), fadi)
    if not layuka:
        return []
    fita = [cika(l, fadi) for l in layuka[:-1]]
    fita.append(" ".join(layuka[-1]).ljust(fadi))
    return [l.replace("\u00a0", " ") for l in fita]
```

A can ƙarshe na mayar da sararin nan na musamman ya koma na yau da kullum, don ya gama aikinsa kuma ba kowace firinta ce ta san shi ba. Wannan musanyar ba ta da haɗari tunda harafi ɗaya ne ya maye ɗaya. Ga abin da ya fito:

```
Kayan  da aka saya ba a mayar da
su  sai  da  rasit.  Mun gode da
zuwanku,  Allah  ya  kai ku gida
lafiya.
```

In rubutunka yana da sakin layi da yawa, raba shi tukuna a inda aka bar layi fanko, ka miƙa wa kod ɗin daidaita kowane ɗaya daban. In ka zuba su gaba ɗaya wanke zai haɗe su su zama dunƙule ɗaya.

Wani zai ce ai Python na da textwrap. E yana da shi, kuma yana yin aikin mataki na 3 da na 4 da kyau, amma ba ya cika layi zuwa dama, mataki na 5 dole kai za ka rubuta.

7. Layin kaya da farashi, wannan daban ne

Rabin masu tambayata ma ainihin abin da suke so kenan, sunan kaya a hagu kuɗi a dama. Kar ka sa shi a kod ɗin cika na mataki na 5, zai tarwatsa sunan kayan. Duk sararin wuri ɗaya yake zuwa, tsakanin suna da kuɗi.

```python
def layin_kaya(suna, kudi, fadi):
    wuri = fadi - len(kudi)
    return suna[:wuri - 1].ljust(wuri) + kudi
```

Suna ake gutsurewa in ya yi tsawo, kuɗi ba a taɓa shi ko kusa. Wannan wuri - 1 ɗin yana tabbatar da akwai ko sarari ɗaya tsakaninsu, in ba haka ba sunan da ya cika wurin cif ya ƙare da 400, shi da "2 500 F" sai su manne a karanta 4002 500. Shi ma sunan sai an wanke shi kamar mataki na 2 kafin ya shigo nan.

8. Inda cikawar ke yin muni

Gaskiya a faɗi 32 ba kullum take kyau ba, musamman Faransanci mai dogayen kalmomi. In layi ya samu kalma biyu ko uku kawai sai ka ga rami a tsakiya ana iya zura yatsa. Ni abin da nake yi, a cikin cika bayan divmod ina duba kowa, in ya wuce 3 sai in bar layin a hagu da " ".join(layi).ljust(fadi). Gara gefe ɗaya ya ɗan shiga ciki da a kasa gane ina jimla ta nufa.

Haka kuma in ka lura da misalin sama, duk ƙarin sararin a hagu ya taru, dama ta matse. A layi huɗu ba komai, a dogon rubutu ido yana gani. Ana iya juyawa, layi na farko a ƙara daga hagu na biyu daga dama, sharaɗin dama shi ne i >= gurabu - saura.

'Yan'uwanmu na Injamena da Kuseri masu buga rasit da Larabci, da masu ajami, wannan kod ɗin yadda yake ba zai yi muku ba. Rubutun daga dama yake tafiya, haruffa suna haɗewa suna canza siffa, fataha da kisira da rufu'a kuma len yana ƙirga su kamar haruffa alhali ba sa cin wuri. A nan ya fi sauƙi a zana rasit ɗin a matsayin hoto mai faɗin ɗigo 384 a tura wa firinta. Emoji ma a cire su, Python yana ƙirga yawancinsu ɗaya amma a allo wurin harafi biyu suke ci.

9. Gwada a allo, sannan takarda

Kar ka yarda da idonka, sarari ba a ganinsa. Sa kwamfuta ta ƙirga, ka kuma kewaye kowane layi da sanda don ka ga gefe.

```python
for l in daidaita(rubutu, 32):
    assert len(l) == 32, l
    print("|" + l + "|")
```

Abubuwan da za ka jefa masa kafin ka kai wa mai shago: rubutu fanko, kalma ɗaya tak, kalma mai harafi 32 cif, mai 33, mai 64, jimla mai sarari uku-uku a tsakani, jimla mai ƙ da é da œ tare, da wadda kuɗi ya faɗo a daidai ƙarshen layi. In duk sun wuce, assert mai tsayar da furogiram in layi bai zama 32 ba bai yi ƙara ba, to yanzu ka kunna firinta.

Kashe ta, danne maɓallin FEED ka kunna kana danne, yawancinsu za su fitar da takardar gwaji mai nuna teburin haruffan da suke kai. Da wannan sunan za ka yi encode, misali l.encode("cp858"), kar ka tura UTF-8 kai tsaye don é zai fito haruffa biyu na shirme layin ya zarce. In ka ga tana barin layi fanko bayan kowane layin da ya cika, rage faɗin zuwa 31 ka sake bugawa. Takardar gwajin kuma in kana son ajiyewa ka ɗauke ta hoto, takardar zafi ce, in ta kwana biyu a aljihu ko kan kanta a rana rubutun dushewa yake yi.